Mai Tsire a Ƙofar Mashaya

Shekara sha tara ina fifita gawayi
a ƙofar mashayar nan ta Apapa.
A da, kafin magariba ta cika da tsofaffin Turawa
'yan fansho, jan wuya, gajeren wando.

Mista Gilbat kan ce, "Barau, rage yaji,"
in rage, ya ci yana hawaye.
Bara aka mai da shi gida a akwati.
Bajamushen kuwa 'yarsa ta zo ta ɗauke shi.

Yanzu fanka ɗaya ke juyi.
Iya Ronke na goge kofin da ba a taɓa ba,
kujeru a kife kan tebur,
ƙafafu sama kamar ragunan da aka feɗe.

Wai coci za ta zama.
To.
Masu ibada ma ai suna cin tsire.