Butar Arzika

Shekara ashirin da ɗaya ina kiran salla
a masallacin bakin rijiya, nan Runjin Sambo,
ban taɓa kira don in ce a zauna gida ba
sai waccan bazarar.
Na kama lasifika, maƙogwaro ya ƙi,
maganar ta fito da ƙyar, kamar ƙayar kifi:
ku yi salla a gidajenku.
Na ja ƙofar ƙarfe, na danna sakata,
ƙararta ta bi ni har cikin barci.

Zafin Sakkwato bai san da doka ba.
'Yan kabu-kabu sun jingine babura a gindin dogon yaro
suna ƙirga abin da babu.
Albasar Arzika, buhu goma sha bakwai,
ta fara tsira a rumfa,
motar Kudu ba ta zo ba, ba ta aiko ba.

Shi ko Arzika, kunnensa ya yi nauyi tun bara waccan,
farkon kira yake ji, ba ya jin ƙarshe.
Kowace asuba sai ga shi
da butar roba mai tsagaggen baki,
ya shimfiɗa buzu a gaban ƙofa.
Na ce, Baba, an hana.
Ya ce, "Mi? Kai kak kira, ni kau na taho."
Sai in tsaya ciki, shi a waje,
ƙarfe a tsakaninmu,
amin ɗinsa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa
tare da kiyashi.

Azumi ya kama, ba tafsiri, ba sahun asham.
Ige mai keke ta ajiye ɗinkin salla
ta koma takunkumi da ragowar atamfa,
rabin unguwa na yawo da furanni a baki,
har Liman, nasa mai ruwan goro.
Modi mai shayi ya rantse
cutar ta masu hawa jirgin sama ce,
amma na gan shi a bokitin famfo
yana cuɗa hannu sau biyu
da ya ɗauka ba mai kallo.
Kwano ya koyi tsallake katanga:
kunu ya tafi, ƙosai ya dawo,
ba hannun da ya taɓa hannu.

Ran sha tara ga wata na kira,
na kai ƙarshen Fatiha,
shiru.
Na buɗe. Buta na nan inda ya mance ta jiya.

Ba a ce mana ita ce ba,
ba a ce zazzaɓi ba, ba a ce shekaru ba.
Mu tara muka sallace shi, nesa-nesa,
kamar shukar da ruwa ya yaudara.
Wajen gaisuwa kowa ya dafa ƙirjinsa,
hannuna yana ƙaiƙayin wani hannu.

Ɗansa Junaidu ya zazzage buhunan,
ya tsince wadda ba ta ruɓe ba,
ya bi gida-gida yana ajiyewa a bakin zaure.
Ranar jajibiri kowace tukunya a layinmu
da albasar Arzika aka soya.
Matata tana yanka tana share ido,
ban tambaye ta na wanne ne ba.

Da aka buɗe masallaci,
Liman, mai cewa a toshe kafa kada Shaiɗan ya ratsa,
shi ya ce a bar kamu biyu.
Muka bari. Allah Ya san abin da ke cikin gurbin.
Yanzu kafaɗa ta koma jikin kafaɗa,
takunkumin Ige ya zama tsumman goge babur,
Modi ya ce ai ya faɗa.

Ni dai kafin in taɓa lasifika
nakan cika butar nan, in ajiye ta a bakin ƙofa.
Tana yoyo kaɗan.
Wanda ya makara yakan yi alwala da ita,
bai san ta wa ce ba.