Bokitin Fenti

Rediyon Tanimu ne ya faɗa mana, a bakin get,
wai sojoji za su koma bariki.
Ran Asabar na bi layi a Agege, rana na dukan ƙeya,
aka shafa mini tawada a babban yatsa.
Da tawadar na koma Ikeja ran Litinin,
na buga kati, na shiga inda ba a tambayata komai.

Shekara goma sha ɗaya ina lanƙwasa kwanon rufi.
Shugaban ƙungiyarmu, daga bene aka naɗa shi,
aka haɗa masa da babur da kujera mai juyi.
Safar hannu ta yage, ya ce a yi haƙuri.
Injin ya cinye yatsun Folarin uku,
ya ce ƙaddara ce.

Sai Nkemdirim ta wanke bokitin fenti,
ta tsaga murfin da wuƙa.
Muka yayyaga takardun albashi,
kowa ya rubuta wanda yake so a baya,
mai boko da boko, ni da ajami,
Iya Risikatu mai shara ta dangwala da baƙin mai.

Mista Adegbite ya sauko, makulli na kaɗawa a ƙugu:
"Nan masana'anta ce, ba majalisa ba.
Siyasa a bakin get take tsayawa."
Tanimu ya ɗaga yatsa:
"Ranka ya daɗe, to wannan fa?
In cire shi in ba maigadi ajiya?"

Kwana tara get da kwaɗo.
Ruwan Ikko ya jiƙa kwalayenmu har rubutun ya zube.
Mai gidan haya ya ƙwanƙwasa mini sau biyu.
Mutum goma sha huɗu suka bi ta ƙofar baya;
na zage su da rana,
da dare na leƙa tukunyarmu, na yi shiru.

Ran na goma aka ƙirga a gaban kowa.
Folarin ya ci.
Da yatsu biyu ya riƙe biro ya sa hannu.
A makon ne aka sallami Nkemdirim,
wai latti.

Bokitin yana nan a lungun sito,
yana tarar yoyo,
mu da muke ƙera rufin gari.
Tawadar ta bi farce ta fita.
In na wuce nakan zubar da ruwan,
in goge shi, in mayar.
Baɗi ma akwai zaɓe.