Akwati Mai Kwaɗo Uku

Ran Laraba a Bagalam, bayan la'asar,
na ɗora rediyo bisa turmi don kada kaji su ture ta.
Yau minista zai tsaya gaban majalisa a Yamai
ya faɗi inda kuɗin tare Gulbi suka kwana.

Ni ma mai amsa tambaya ce.
Akwatin asusunmu a ɗakina yake,
kwaɗo uku, mabuɗi uku, babu ko ɗaya a hannuna:
ɗaya na wurin Kuluwa mai man gyaɗa,
ɗaya wurin Sahura,
ɗaya a bakin zanen Inna Tsayabba
wadda ba ta san baƙi ba, amma ba a cin dalarta.
Duk Juma'a, mu ashirin da bakwai a kan tabarma,
a zube kuɗi a faranti, a ƙirga da ƙarfi
har kurmar cikinmu ta gyaɗa kai.

Depite namu, Nomau ɗan Kaka, ya miƙe.
Na gane shi da tarin da yake yi kafin magana.
Ya ce, bara kun nemi kuɗi, mun ɗaga hannu,
kun ce za a yi wa ruwa shinge kafin damina.
Damina ta zo, ba ta nemi izinin kowa ba.
Ina shingen? In babu shi, ina kuɗin?

Minista ya gode wa shugaban majalisa,
ya gode wa mai tambaya, ya gode wa tambayar.
Kafin ya gama godiya na tsince wake kwano guda.
Sai lissafi: miliyan kaza an ware, kashi kaza an saki,
ɗan kwangila ya kai dutse, mota ta lalace,
kwamiti na nan yana nazari.
Muryarsa santsi kamar kunun da aka tace sau biyu.

Ruwan bai yi nazari ba.
Cikin dare ya shiga gidan Barira ta ƙofar awaki,
ya ɗauki katanga, ya ɗauki buhun gero biyu,
ya bar mata tukunya cike da laka.
Daga akwatinmu muka ranta mata jika goma sha biyar,
an rubuta, ta dangwala yatsa.

Ba zan yi alfahari ba.
Shekarar da ɗiyata ta kwanta asibiti
kuɗin zubin Laraba da aka ba ni in riƙe
sun zo Juma'a da giɓin jika uku.
Na so in ce ɓera, na so in ce mantuwa.
Inna Tsayabba ta dube ni, ba ta ce komai ba.
Na ce, ni na taɓa, na sayi magani.
Kunya ta ci ni har ƙashi,
na biya a mako huɗu, kuma ba su karɓe akwatin ba.

Abin da nake jira ke nan daga bakin rediyo:
mutum ya ce, nan ne ya ɓace, a hannuna,
ran kaza zan cike.

Nomau ya sake tashi, ya yi tarinsa.
Ya ce, ranka ya daɗe, ban ji rana ba.
Aka buga guduma, wai mintinsa sun ƙare.
Wani daga baya ya ce ya ba shi nasa.
Hayaniya ta tashi, na matso da kunne,
minista ya ce, kafin watan...
sai batir ya mutu.

Na cire shi, na ɗan cije, na mayar. Shiru.
Gabas ta fara haɗa baƙin hadari ta wajen Tasawa.
Na kwashe shanya, na ɗaga akwati bisa kan buhu,
na aiki yaro gidan Sahura
ya tambayo ko tasu rediyon ta ji wane wata ne.