Daren da Muka Zare Waya

Sha ɗaya ta gota, ofis ya watse,
sai ni da Tasi'u da kukan fanka
a ɗakin ƙurya na asibitinmu, can bayan Ƙofar Marusa,
inda sabar ke huci kamar mai zazzaɓi.

Sunaye dubu huɗu da ɗari biyu ke cikinta:
likita, mai awon jini, mai shara, mai ba da kati,
kowa da kalmar sirrinsa.
Ran da ta manta ka da asuba,
ɗakin magani ba ya buɗe maka, ko kai ɗan wane ne.

Abin da ya hana mu tafiya gida
bai taka kara ya karya ba a idon wani:
wane rumbu za mu zuba wa sunayen nan?

Ni na kafe a kan tsohon.
Shekara tara muna tare.
Na san tarinsa, na san ƙafar da yake ɗingisawa,
na san lallashin da yake so kafin ya tashi.
Tasi'u ya ce sabon,
wai ba ya taka tsohon rubutu
sai wanda ya zo ya zauna da gindinsa.
Na ce, yaro, na sha jin wannan a bakin dillalai.
Ya ce, to Malam Dikko, wuta ta raba mana gardama.

Muka zuba musu kwafi, kowa nasa,
muka sa su rubutu ba ƙaƙƙautawa,
suna tsaka da aiki na kama waya na fizge,
yadda ake ɗauke mana wuta ba sallama.

Duhu. Shiru. Sai sauro.

Sau bakwai muka yi.
A na uku tsohona ya farka yana lalube,
yana neman littafin da ya rubuta abin da ya yi.
A na biyar ya tashi babu mutum arba'in,
har da Sista Jummala ta ɗakin haihuwa,
wadda ta karɓi ɗiyata da hannunta.
Sabon kuwa kowane karo
sai ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce ina muka tsaya?

Na zauna a kan kwalin batir, ban ce uffan ba.
Kakana na Charanci ya faɗo min a rai,
ran da ya rushe rumbun da ubansa ya gina.
Na tambaye shi, ba ka jin tausayinsa?
Ya tura yatsa a gindin, ƙasa ta zubo da gara.
Ya ce gero bai san shekarun rumbu ba,
dutsen da ke ƙarƙashi kawai ya sani.

Tasi'u bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.
Ya miƙo min ragowar shayi, ya huce.

Na buɗe littafin aiki na rubuta:
an koma sabon.
A ƙasa na ƙara, da jan biro:
duk da haka, kwafi kowane dare,
ɗaya a nan, ɗaya a wani ginin,
don wanda ya tsira sau bakwai
bai yi mana alkawarin na takwas ba.

Da safe Jummala ta danna sunanta, ya buɗe.
Ta wuce mu a baranda da sauri,
ta ce, ku kuma lafiya, ido jawur?
Muka ce, lafiya lau.