Abin da Rana Ba Ta Taɓa Ba

Da daddare na shafe takardun,
a ɗakin girki, labule a sake, fitila ɗaya mai rauni.
Ruwa biyu na haɗa, cokali da cokali,
gishirin ƙarfe, launin ɗanyen lemun tsami.
Sai sun gamu suke fara tsoron haske.
Na sa su a aljihun tebur su bushe cikin duhu
kusa da takardun bashin da ban buɗe ba.

Shekara arba'in da ɗaya Custódio, mahaifina,
yana yanka mabuɗai a Porto,
a shagon da in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango da bango.
Abin da ya bar mini: magagari huɗu, tabarau,
da gwangwanin biskit uku cike da mabuɗan
da aka ba da aiki, ba a dawo karɓa ba.
Ba suna, ba lamba. Da ka ya san su.
Kan kuwa yana kwance a Agramonte tun Maris.

Sai sha ɗaya hazo ya tashi daga kan Douro.
Na hau soro da takarda a cikin riga kamar ɓarauniya.
Na jera su: dogo, gajere, mai haƙori uku,
wani mai tsatsa da ya ɓata mini yatsa,
tabaraun a gefe.
Sannan na matsa, na bar wa rana aikinta.

Minti goma sha huɗu.
Ba abin yi. Tsuntsayen teku na rigima a kan bututun hayaƙi,
ƙararrawar coci ta buga, wata ta amsa mata a makare.
Gajimare ya taso daga Gaia ya zauna mana a kai,
na ƙara minti biyar, na ƙara zagi ɗaya.
Koren ya dushe, ya koma toka.
Na ce shi ke nan, ta ɓaci.

A bahon da mahaifiyata ke jiƙa kifin gishiri na tsoma ta.
Ruwan ya yi rawaya, na zubar, na sake.
A na uku ne ya zo,
a hankali, kamar mai shigowa ɗakin marar lafiya:
shuɗi.
Shuɗin da ya fi na kogi zurfi, shuɗin baba.
Baba, na ce, ban san da wanne nake ba.

Mabuɗan nan duk fari fat,
haƙori da haƙori, har ramin zobe.
Inda rana ta taɓa ya rine,
inda aka tare ta, nan siffa ta tsaya.
Tabaraun kuwa ba su tare komai ba,
zagaye biyu kawai, haske ya wuce ta ciki.
Haka yake da ransa ma.

Ina shanya su a igiya Ermelinda ta leƙo ta katanga,
shekararta tamanin da uku, kwandon wanki a ƙugu.
Ta daɗe tana kallo. Ta ajiye kwandon.
"Wancan," ta ce, "na biyu daga ƙasa, mai giɓi.
Ƙofarmu ce ta Miragaia. Sai ka ɗaga ta da gwiwa take buɗewa.
Mijina ya kai a yanka wa ɗanmu, yaron ya tafi Faransa."
Gidan yanzu otal ne, da kati ake shiga.

Na tono mabuɗin, na miƙa mata.
Ta juya shi, ta mayar mini.
"Me zan buɗe da shi? Ba ni takardar."

Na ce ba ta bushe ba, gobe za ta fi duhu.
Ta ce za ta jira.
Muka tsaya, ita can, ni nan,
ruwa na ɗiga a kan tayil.
Saura gwangwani biyu da rabi,
an kuma ce jibi akwai rana.