Dubu Arba'in a Haiphong

Ƙarfe huɗu na asuba nake hura wuta,
kafin jiragen ruwa su yi kukan farko.
Ƙaguwa a turmi, jar taliya a kwando,
kujerun roba sha ɗaya, guda ta karye a ƙafa.
Wayata na jingine da kwalbar yaji.
Shekara tara ta sha tururi, ta sha maiƙo,
ta taɓa faɗawa bokitin wanke-wanke,
ta kwana uku cikin shinkafa, ta tashi.

Mutanen yanzu ba sa riƙe kuɗi.
Su ci, su goge baki, su ɗaga waya,
su haska ɗan zanen nan mai kama da taron tururuwa
da na manna a jikin teburi,
sai tawa ta ce ƙil! daga gefen yaji,
in san dubu arba'in ta iso gida.

Ran Talata ta yi gum.
Na buɗe manhajar banki da jiƙaƙƙen yatsa,
ta ce in sabunta ta. To, na danna.
Ta ce ba ta zama a tsohon gida,
sai an sabunta tsarin wayar tukuna.
Na je wa tsarin, ya ce shi ne ɗan auta,
babu wani mai zuwa bayansa.
Wannan ya tura ni gun wancan
kamar ofishin hukuma dab da tashi.

Jikana Khiem ya zo bayan makaranta,
ya ce wuri ne ya cika, Kaka.
Muka zauna share hotuna:
bukukuwan sabuwar shekara, ambaliyar bara,
karen maƙwabta, ƙafata da ta kumbura,
mijina yana barci baki buɗe.
Wannan na ce a bari.
Ɗari bakwai muka share. Ko gezau.

Tuyen mai gyara a bakin kasuwa
ya juya ta, ya hura ramin caji,
ya ce, Inna Thoa, babu abin da ya lalace.
Maƙeranta ne suka daina waiwayarta.
Yau banki, gobe taswira, jibi manhajar hira,
za su fice ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan haya.
Akwai ɓarauniyar hanya, in ji shi,
a sa mata tsarin da 'yan sa-kai suka haɗa,
amma banki na jin ƙanshin haka zai rufe ƙofa.
Ya nuna min sabuwa a cikin gilashi.
Na lissafa a zuci: kwano ɗari da ashirin,
ban da gawayi.
Na ce masa ni ma likita ya ce ƙalau nake.
Bai yi dariya ba.

Yau kwana sha biyu.
Mutum ya haska, ya juyo min da wayarsa,
ga koriyar alama, in gyaɗa kai.
Ta cikin tururi me idona zai gani?
Fuskarsa nake karantawa.
Direban nan mai tabo a gira yana biya.
Da na je banki aka buga min takarda,
kwano uku ba su shigo ba,
na kuwa san na yarinyar nan ne mai farar rigar ofis.
In ta zo zan ƙara mata albasa,
in tsaya a kanta har ta cinye.

Da dare tsohuwar na caji kusa da matashina.
Har yanzu ita ke tashina huɗu saura kwata,
wannan aikin dai ba ta nemi izinin kowa ba.
Na ware gwangwanin madara,
ina jefa kuɗin takardar da tsofaffi irina ke biya.
Khiem ya girgiza shi, ya saurara,
ya ce kafin ya cika, ta cikin gilashin ma ta tsufa.
Na ce ajiye min kayana,
zo ka yanka albasa.