Tafinta Biyu a Gdynia

Sha ɗayan dare, tashar jiragen Gdynia ta yi tsit,
sai ƙugiyar ɗaga kaya ke kuka can bakin ruwa.
Bogumiła Wrona ta tuɓe safar hannu,
ta hura yatsunta, ta ja kujera gaban baƙin allo.
Shayin da ta haɗa tun takwas ya huce.

Maƙwabta biyu a inji ɗaya, ba sa ga maciji:
Perl, tsohon magatakarda mai rubutu kamar tonon kaza,
da sabon rumbun bayanai da aka kawo ran Talata,
cikinsa fal sunayen jirage da nauyin gawayi,
bakinsa a ɗinke.
Kafin shida jirgin Klaipėda zai nemi matsaya.
In ba su yi magana ba, sai ya yini kan teku.

Tafinta biyu ake bukata, in ji takarda.
Na fari DBI, shi ne zaure, kowa ta nan yake shiga.
Na biyu DBD, yaren wannan rumbu kaɗai ya iya.
Ta sauko da na fari, ta kwance ƙunshinsa,
ta buga make, baƙaƙe suka zubo kamar tsaba,
ta buga make test, ya ce lafiya lau.
Ta yi murmushi. Ta yi shi da wuri.

Na biyun ya turje.
Wai akwai fayil da bai gani ba, mai guntun suna da wutsiyar h.
Ta nemo, ta dire masa a gaba.
Ya ce maginin da ya gina Perl ba shi ne na yau ba,
tubalinsu ba ya hawa kan juna.
Ta rushe, ta sake ɗorawa.
Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce,
bututun ɗumama ɗaki na ƙwanƙwasa kamar mai bin bashi.
Gwaji arba'in da ɗaya, duk sun faɗi.

Ana iya tilasta shi, ta sani.
Kalma ɗaya ce, a cusa shi ko bai ci jarrabawa ba.
Yatsanta ya tsaya a iska.
A saman tsohon rubutun ga layin Zdzisław,
wanda ciwon gwiwa ya raba da aiki bara:
"Wanda ya tsallake gwaji, teku za ta gwada shi."

Biyu da kwata ta kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka,
tsufa ya kwashe masa barci tuntuni.
Ta karanta masa kuskuren baƙi bayan baƙi.
Ya yi tari, ya ce, "Kin aiki ɗan aike,
ba ki kwatanta masa gidan ba.
Kayan rumbun suna ƙarƙashin opt, Unix bai sani ba.
Rubuta masa hanya."
Layi ɗaya, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Shi ya cinye mata sa'a uku.

Gwaje-gwaje suka gangaro, kowanne da ƙafarsa.
Ta shiga da sunan tushe, ta kafa shi, ta fito da sauri,
mai riƙe da mabuɗin gida duka ba ya daɗewa a ƙofa.

Sai ta yi tambayar fari: ba ni layi ɗaya, kowanne ne.
Rumbu ya buɗe baki.
Jaskółka, tan goma sha tara, kifi, 1974.
Babu wannan jirgi a tashar, ta duba sau biyu.
"Kana nan?"
"Ina nan."
"Wace ce Jaskółka?"
Shiru ya yi tsawo har ta ji agogon kicin ɗinsa.
"Jirgin babana ne. Da shi nake gwaji.
Kada ki goge."

Ba ta goge ba.
Biyar da rabi hazo ya tsage, ga fitilun jirgin Klaipėda,
takarda ta fito da ɗuminta: matsaya ta bakwai.
Ta kurɓi shayin nan a sanyinsa, ta naɗa mayafin wuya,
ta sauka matakala
tana tunanin ko gidan burodi ya buɗe.